Ɗakuna 13 a Cikin Jirgin da Na Sassaƙa a Quanzhou

Ranar da na fara zuwa shagon, dattijon bai ba ni zarto ba. Wani guntun gora ya miƙo mini, an tsaga shi biyu a tsaye, ya ce in duba cikinsa. Na duba, ban ga komai ba sai gaɓoɓin nan da kowa ya sani, kowace gaɓa da ɗan bangonta. Ya ɗebo ruwa a kofin shayinsa ya zuba a gaɓa ɗaya, ruwan ya tsaya a nan, bai wuce zuwa ta gaba ba. Jikarsa da ke yi mana tafinta ta ce, "Kakana ya ce abin da ka zo koya ke nan. Sauran duk ado ne."

Sana'ata sarin takalma. Shi ya sa nake yawan zuwa Jinjiang, garin masana'antun takalma da ke ƙarƙashin birnin Quanzhou a lardin Fujian, kudu maso gabashin ƙasar Sin. A wata tafiya kayana suka makara, aka ce sai na jira mako uku. Zaman otal ya ishe ni, sai na shiga cikin tsohon birnin yawo. Na fara da masallacin Qingjing, wanda aka gina a shekarar 1009, bangayensa na dutse suna nan da ayoyin Alƙur'ani a sassaƙe. Daga nan ƙafa ta kai ni harabar wurin ibadar Kaiyuan, inda aka keɓe wani babban zaure don jirgin ruwa guda ɗaya tak.

Gani ya kori ji. An gano jirgin nan a cikin laka a tashar Houzhu a 1973, aka tono shi a 1974. Na zamanin daular Song ne, ya nutse a wajen shekarun 1270. Samansa duk ya ruɓe, abin da ya rage shi ne ƙasan, tsawonsa mita 24 da ɗoriya, faɗinsa ya haura mita 9. A cikinsa an samu itacen turare fiye da kilo 2,000, da barkonon masoro, da wuri irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi, da kuɗin tagulla fiye da 500. Amma ni abin da ya tsayar da ni, na kasa matsawa, shi ne yadda aka raba cikinsa. Bangayen katako 12 ne suka ratsa shi daga gefe zuwa gefe, suka mai da shi ɗakuna 13. Idan dutse ya huda ɗaki ɗaya, ruwa zai cika wannan ɗakin ya tsaya, sauran 12 su ci gaba da riƙe jirgin da mutanensa da kayansa. Mahaifina kafinta ne, a cikin ƙurar katako na tashi, don haka idona ya san haɗin kirki in ya gan shi. Katakon da ya shekara kusan 700 a cikin laka, amma har yanzu ana ganin inda kowane bango ya zauna daram.

Wani abokin cinikina ɗan garin ne ya kai ni wurin dattijon, a wani ƙaramin gari na bakin teku. Tun yana yaro yake ƙera manyan jiragen katako na masunta, har zuwa lokacin da jiragen ƙarfe masu inji suka kore su, aka daina ba da aikin. Yanzu ƙanana yake yi, waɗanda ake ɗorawa a kan tebur, amma da irin tsarin manyan ba tare da ya rage komai ba. A 2010 hukumar UNESCO ta sa wannan fasaha ta raba cikin jirgi a jerin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa, kuma a lokacin mutum uku kacal aka ƙirga da suka san ta ciki da bai. Na roƙe shi ya bar ni in yi ɗaya da hannuna a gabansa. Ya kama tafin hannuna ya jujjuya, ya ga ba kanta, ya yi shiru. Da jikar ta gaya masa cewa ni ɗan kafinta ne, sai ya nuna mini wani benci a kusa da ƙofa. Daga ranar nake kiransa Shifu, kamar yadda almajiran sana'a ke kiran malaminsu a can.

Muka tsayar da cewa jirgina zai bi tsarin wancan na zauren. Masana sun ƙiyasta tsawonsa na asali ya kai wajen mita 34, don haka muka raba gida 40, ya ba mu santimita 85. Itace iri uku ya fito mini da su. Fain don ƙashin bayan jirgin, wato doguwar gungumen da ke shimfiɗe a can ƙasansa daga goshi zuwa baya, fir don allunan jikinsa saboda ba shi da nauyi kuma yana lanƙwasuwa, sai kafur don bangayen ciki, domin ƙwari ba sa son warinsa kuma yana jure ruwa. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar adakar tufafin kakarsa ya san ƙamshin da ya cika shagon nan da zarar zarto ya shiga kafur.

Na tambayi zanen da za mu bi. Babu. Shifu bai taɓa ƙera jirgi daga takarda ba, mahaifinsa ma haka. Tsawon ƙashin baya shi ne uwar lissafi, daga shi ake fitar da faɗi da zurfi da tsayin jigo, wato sandar da ake kafawa a tsaye don rataya zanen da iska ke turawa, kuma duk a ka yake. Abin awonsa shi ne wani ɗan akwatin tawada mai zare a ciki. Za a ja zaren ya jiƙu da tawada, a miƙe shi a kan katako, a ɗaga tsakiyarsa a saki, sai ya bar layi baƙi miƙaƙƙe. Kwana biyu na yi ina koyon sakin zaren nan kafin layina ya daina fitowa biyu.

Ƙashin bayan guda uku ne ake haɗawa, kuma a mahaɗarsa na ci karo da abin da ya sa na tsaya tunani. A jirgin Houzhu an samu ƙananan ramuka bakwai a mahaɗar, an jera su kamar wasu taurari bakwai da matuƙa ke bi da dare, da kuɗi a cikinsu, sannan da babban rami ɗaya mai madubin tagulla a matsayin wata. Maƙera na yin haka ne don neman tsari da tsawon kwana ga jirgin. Shifu ya kunna turare kafin mu haɗa, ya dube ni. Na ce wa jikar ta gaya masa cikin ladabi cewa ni Musulmi ne, wurin Allah kaɗai nake neman tsari, amma ramukan zan huda su, domin haka jirgin da muke kwaikwayo yake. Bai ɓata rai ba ko kaɗan. Ya ce Musulmi ba baƙi ba ne a tashar nan, ya tambaye ni ko na je tsofaffin kaburburan Musulmi da ke tudun Lingshan. Na yi bisimillata na huda ramukan da bakin allura mai zafi, shi kuma ya ƙarasa abinsa shi kaɗai.

Sai bangayen, inda na fi daɗewa kuma inda na fi jin jiki. Jiragen Fujian, waɗanda ake kira fuchuan, ƙasansu tsini gare shi kamar bakin gatari, don su yanki ruwa mai zurfi, saɓanin shachuan na wajen bakin kogin Yangtze masu shimfiɗaɗɗen ƙasa da ke iya zama a kan rairayi. Wannan tsinin ne ya sa babu bango biyu da siffarsu ta zo ɗaya. Na tsakiya faffaɗa ne, na goshi siriri, kuma gefen kowanne sai an fefe shi a karkace daidai yadda allon jiki zai kwanta a kansa. Kowane bango kuma ba falle ɗaya ba ne, ƙananan alluna huɗu ko biyar ake haɗawa, a yi wa bakin kowanne ɗan tsani yadda zai shiga na kusa da shi. A rana ta shida, bayan na gama uku kacal, na kawo shawara. Na ce tunda daɓen sama zai rufe su, babu mai ganinsu, me zai hana mu yanka su daga falle ɗaya na filawud mu wuce wurin? Jikar ta yi jim kafin ta fassara. Shifu ya tashi ya shiga ciki, ya fito da wani jirgi mai ƙyalƙyali irin wanda ake sayar wa baƙi a kasuwa, ya juya shi ya ƙwanƙwasa cikinsa. Kututture ne guda aka sassaƙa aka shafa wa fenti. Ya ajiye shi a gabana ya ce in wannan nake so, ba sai na ɓata mako uku ba.

Na ji kunya ƙwarai, domin na san abin da mahaifina zai ce da yana wurin. Na koma kan bencina. Daga baya na gane cewa maganarsa ta wuce taurin kan tsofaffi. Tunda an daina ba da aikin manyan jiragen, waɗannan ƙananan ne kusan kaɗai inda hannu ke ci gaba da maimaita haɗin. Ranar da aka fara yin su da kututture, haɗin ya tafi ke nan, ko da siffar waje ta rage. Kuma ƙaramin jirgi ya taɓa riƙe wa mutane tarihi. A wani kabari na zamanin daular Han da aka tono a Guangzhou, an samu ɗan jirgin yumɓu da katakon juya jirgi a bayansa, kuma yana cikin tsofaffin shaidun da ake da su na wannan dabara a duniya. Da maginin yumɓun nan ya ce ai babu mai dubawa, da ba a san haka ba.

A ƙasan yawancin bangayen akan bar ɗan rami dab da ƙashin baya. Da farko na ɗauka kuskure ne, don me za a huda abin da ake so ya tare ruwa? Ashe don ruwan da ke tsattsafowa yau da gobe ya gangara wuri ɗaya a kwashe shi ne, in kuma hatsari ya zo sai a toshe. Nawa ramukan ba su fi kaurin tsinken ashana ba, na sassaƙa wa kowanne marfinsa.

Lulluɓe jikin da alluna ya tafi da sauri fiye da yadda na zata, sai dai a goshi da baya inda lanƙwasar ta yi tsanani. Mukan jiƙa allon fir a ruwan zafi, a ɗora shi da ɗuminsa a ɗaure da zare ya kwana. Na karya guda bakwai kafin hannuna ya fara jin lokacin da katako ke shirin tsagewa. Akwai wata 'yar ƙara da yake yi kafin ya karye, in ka ji ta ka sassauta.

Abin da na fi son in ba da labarinsa shi ne liƙin. Ba gam ake amfani da shi ba. Bawon katantanwar teku ake ƙonawa ya zama farin gari, a tankaɗe, a kwaɓa da man tung, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiya, sannan a zuba zaren wani tsiro mai kama da ramarmu da aka daddatsa ƙanana. Sai daka. A ɗan turmin dutse na daka shi fiye da awa guda, Shifu yana zuwa yana taɓawa da yatsa yana girgiza kai, har sai da ya yi laushi yana jawuwa kamar ƙullin alkaki. Da wannan ake cusa kowace tsaga, tsakanin allo da allo, da kuma duk inda bango ya haɗu da jiki. A manyan jirage da guduma da ƙarfe mai faɗin baki ake dannawa. Ni da tsinken gora da aka fefe na yi, ɗaki bayan ɗaki, yatsuna biyu kawai ke shiga. Man tung ba ya bushewa da wuri, sai da muka ba shi kwanaki kafin ya yi tauri.

Ranar gwaji, Shifu ya sa na toshe duk ƙananan ramukan, ya ɗauko butar shayi. Ya cika ɗaki na ɗaya, ya tsallake na biyu, ya cika na uku, haka har ƙarshe, ɗaya da ruwa ɗaya babu. A cikin busassun ya shimfiɗa 'yar farar takarda mai laushi. Muka zauna shan shayi, ni dai shayin ba ya wucewa. Bayan kamar rabin awa ya leƙa, ya kira ni da hannu. Takardar ɗaki na takwas ta yi duhu a kusurwa ɗaya, tabon bai fi girman ƙwayar wake ba. Ruwa ya bi ta gindin bango na bakwai, wanda na fefe gefensa ya zarce kaɗan, na cike giɓin da liƙi ina fatan ba za a gane ba. Na ce bari in ƙara liƙi. Ya ce a'a, liƙi yana toshe tsaga ne, ba ya zama katako. Sai da na ɓalle alluna uku, na cire bangon, na yi sabo. Kwana huɗu aikin ya ci, kuma a ranar da aka sake gwajin takardu shida suka fito a bushe, washegari kayana suka fito daga masana'anta. Na bar jirgin a kan shiryayyen Shifu, buɗe, ba daɓe ba jigo.

Wata biyar suka wuce kafin na dawo. A wannan zuwan na fara da tudun Lingshan da ya ambata. Akwai wani dutse a can mai rubutu da ke shaida cewa Zheng He ya ziyarci kaburburan a 1417. Shi ne Musulmin nan ɗan lardin Yunnan da ya jagoranci ayarin jiragen daular Ming sau bakwai tsakanin 1405 da 1433, har suka kai gaɓar gabashin Afirka, wajen Mogadishu da Malindi. A shaguna za ka ga jirage masu jigo tara ana cewa nasa ne. Na tambayi Shifu me ya sa ba ya yin irinsu, alhali su ne ke da kasuwa. Ya ce shi abin da hannunsa ya taɓa ginawa babba, shi yake ƙanƙantawa. Har yau masana na jayayya kan ainihin girman jiragen Zheng He, don haka na ga dacewar maganarsa.

Daɓe muka yi da ƙofofin da ake ɗagawa, ɗaya a kan kowane ɗaki. Katakon juya jirgin kuma mun rataye shi da igiya yadda ake iya ɗaga shi sama a ruwa marar zurfi, a sauke shi ƙasa sosai a tsakiyar teku don ya ƙara riƙe jirgin. Sai filafilan, wato zannuwan da iska ke turawa. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, wanda ya ga irin waɗannan jiragen a Kalikut ta ƙasar Indiya kuma ya zo wannan birnin da Larabawa ke kira Zaitun a wajen 1345, ya bayyana cewa da sandunan gora ake saƙa su kamar tabarma, kuma manyan jiragen kan ɗauki mutum dubu. Mutumin nan shi ne dai wanda bayan 'yan shekaru ya sauka a Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, ya ambaci tagullar da ake kaiwa Gobir da Borno. Nakan yi mamakin ido ɗaya da ya ga wuraren nan biyu.

Namu filafilan na auduga ne, mun rina su da ruwan wata saiwa mai kama da doya, wadda masunta ke amfani da ita don kada zane ya ruɓe, ita ce ke ba shi launin jan ƙasa. Aka ɗinka tsinkayen gora a gicciye, kowane tsinke da igiyarsa, duk su tattaru a baya wurin matuƙi. Amfanin wannan sai da Shifu ya saki igiya ɗaya na gan shi. Filafilin ya nannaɗe kansa ƙasa gaɓa-gaɓa kamar maficin takarda. In guguwa ta taso ba sai wani ya hau jigo ba, daga daɓe za a rage shi, kuma ko ya yage a wuri ɗaya goran zai hana yagar wucewa. Ɗaurin igiyoyin ya cinye mini kwana biyar da hantsaki da madubin ƙara girma.

Na ƙarshe shi ne idanu. Kowane fuchuan yana da ido biyu a goshi, fari da baƙi, kuma ba a manna su sai an gama komai. Na masunta ƙasa suke kallo don neman kifi, na 'yan kasuwa kuwa gaba suke kallo don neman hanya. Shifu ya tambaye ni wanne nake so, ya yi murmushi tun kafin in amsa. Ya riƙe mini goshin jirgin, na kafa su suna kallon gaba.

Da zan tafi ya ƙi karɓar kuɗin koyarwa, na katako kawai ya karɓa. Na kawo masa hula zanna da na taho da ita daga gida, ya sa ta a take, jikar ta ɗauke mu hoto. Muka kwance jigunan uku, muka kwantar da jirgin a akwatin katako da auduga, na rungumo shi a jiragen sama biyu ban yarda an sa shi cikin kaya ba.

A gida, yara suka taru kan filafilan da idanun. Mahaifina yana zaune a kan tabarmarsa a zaure, bai ce komai ba sai da suka watse. Ya ce, "Kawo shi nan." Na ajiye a gabansa. Bai dubi ja ko farin ba, ya sa farce ya ɗaga ƙofar ɗaki ɗaya, ya karkata jirgin wajen hasken ƙofa ya leƙa, ya rufe, ya ɗaga ta gaba. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zura ɗan yatsa yana shafa gindin kowane bango. Da ya zo na bakwai ya daɗe a kansa.

Ya ce, "Wannan ba rana ɗaya aka yi shi da sauran ba."

Na ce, "E, Baba, sake shi na yi."

Ya gyaɗa kai, ya ɗaga ƙofa ta takwas. Sannan ya ce wa ƙanena ya miƙo masa buta.